Kamun salmon a teku: yadda za ka san an buɗe, da kifin da za ka riƙe da wanda za ka saki

Mutum zai sayi lasisi, ya karɓi littafin dokar kamun kifi na shekara, ya duba ya ga an rubuta wuri kaza a buɗe yake daga Yuli zuwa Agusta, shi kenan sai ya ɗauki hutu a wurin aiki ya biya kuɗin jirgi, ranar da ya isa bakin ruwa da asuba a ce masa ai an rufe tun shekaranjiya. Wannan ba sabon abu ba ne a gaɓar Pasifik ta Amurka da Kanada, kullum sai ta faru da wani. Littafin nan shiri ne kawai aka yi tun watan Afrilu, kifin da ke cikin ruwa kuwa bai san da shi ba, in an kama da yawa da wuri a rufe da wuri, in kifi ya yi ƙaranci a rage kwanaki. To bari mu bi abin daki-daki, tun daga inda ranakun suke fitowa har zuwa lokacin da kifi ya shiga kula, wato akwatin ƙanƙara.

Ka fara sanin wa ke da ruwan da za ka shiga. A Amurka daga gaɓa zuwa mil 3 na jiha ne, daga nan zuwa mil 200 na gwamnatin tarayya, kuma majalisar da ake kira Pacific Fishery Management Council ita ke zama a watan Maris ta fitar da zaɓi, a Afrilu ta tsayar da kakar kamun kifi ta jihohin Washington da Oregon da Kalifoniya. A gefe guda kuma akwai zaman da ake ce wa North of Falcon, sunan daga wani tsauni ne a gaɓar Oregon, Cape Falcon, inda jihar Washington ke zama da ƙabilun 'yan asalin ƙasar su raba kifi. Rabon nan ba alfarma ake yi musu ba fa, hukuncin alƙali George Boldt ne na 1974 ya tabbatar musu da rabin kifin da za a iya kamawa bisa tsofaffin yarjejeniyoyi, Kotun Ƙoli ma ta amince a 1979. Sannan ga yarjejeniyar salmon ta 1985 tsakanin Amurka da Kanada, domin kifin da aka ƙyanƙyashe a kogin Columbia yana iya zuwa ya yi girma a ruwan Alaska, kowa kuma yana ganin nasa ne. Duk wannan lissafin ake gamawa kafin a ce maka ga kwanakinka.

Me ya sa ake tsanani haka alhali kifi na nan? Saboda a teku duk a cakuɗe suke. Na gidan ƙyanƙyasa da aka saki miliyoyi don a kama, da na wani ƙaramin kogi da bai fi 'yan ɗaruruwa suka rage ba, tare suke yawo, ƙugiya kuma ba ta tambayar asali. Chinook, nau'in salmon mafi girma da ake kuma kira king, na Puget Sound, wato mashigin teku da ya shiga cikin jihar Washington, tun 1999 yana cikin jerin halittun da doka ke karewa, ga kuma orka na kudu, wasu manyan dabbobin teku, da ba su kai 80 ba kuma Chinook ne babban abincinsu. Don haka mafi raunin cikinsu shi ke yanke wa kowa tsawon kaka. Kalifoniya ta ga wannan da idonta, a 2008 da 2009 an rufe, aka sake rufe kamun salmon na teku gaba ɗaya a 2023 da 2024 saboda kifin kogin Sacramento da Klamath ya faɗi, a 2025 da aka buɗe wa masu kamun nishaɗi kwana biyu a watan Yuni, a kwana biyun nan aka cinye kason da aka ware na bazarar duka.

Lokaci a taƙaice dai, ba wai ka dogara da shi ba, don ka san inda za ka dosa. Tekun Washington, wato Ilwaco da Westport da La Push da Neah Bay, yawanci ƙarshen Yuni ake buɗewa har zuwa Satumba ko kuma ranar da kota, wato kason kifin da aka ware, ta cika, duk wanda ya riga zuwa. Cikin Puget Sound Chinook na Yuli da Agusta ne kuma a wasu wuraren kwanaki ƙalilan ake bayarwa a sati, sauran nau'ukan salmon kuma, coho ya fi zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, chum a Oktoba da Nuwamba. Nau'in da ake kira pink shi rayuwarsa shekara biyu ce cif, shi ya sa a wannan yankin sai a shekarar mara yake cika ruwa, 2023, 2025, 2027, a Agusta, kuma gaskiya in sabon shiga ne kai ko da yara za ka je, shekarar pink ka nema, yana da yawa kuma ba ya jan rai. A bakin kogin Columbia akwai kamun da ake kira Buoy 10 da aka saba buɗewa 1 ga Agusta. Kudu maso gabashin Alaska king yana zuwa Mayu da Yuni, coho ya biyo baya har Satumba. Akwai ma na sanyi, ƙananan Chinook da ba su fita babbar teku ba, masunta na ce musu blackmouth, amma kakar tasa ta ragu sosai a 'yan shekarun nan.

Abu na gaba lambar wuri. Washington ta raba ruwan gishirinta yanki 13, na 1 Ilwaco, na 2 Westport, na 5 Sekiu, na 7 tsibiran San Juan, na 10 gaban Seattle, na 13 can ƙuryar kudu. British Columbia, lardin Kanada da ke gaɓar Pasifik, ma haka take da lambobinta har da ƙananan yankuna a ciki. Layin da ya raba yanki da yanki ba za ka gan shi a kan ruwa ba, daga wani tsini ne na ƙasa zuwa wata fitila, kuma jirgi yana tafiya a hankali kana jan layin ƙugiya ruwa na tura ka, kafin ka ankara ka tsallaka inda Chinook a rufe yake. Ka sa layukan iyakar a taswirar na'urarka tun a gida. Kuma ka kiyaye, a Washington in kana da kifin da ya halatta a yanki ɗaya, ba za ka tsaya ka ci gaba da kamu da shi a cikin jirgi a yankin da aka hana shi ba. A British Columbia akwai wuraren da aka keɓe don kare kifin duwatsu, nan ko jefa ƙugiya ba a yi, ko da salmon kake nema.

Takardu. Nan ma kowa da nasa. Washington lasisin ruwan gishiri da katin rubuta kifi, shekarar lasisi daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, shi kuma littafin doka daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, ka ga ba su ma zo ɗaya ba, mutane da yawa nan suke rikicewa. Katin nan ko yaron da bai kai shekarun lasisi ba sai an karɓar masa nasa. Oregon lasisi da tag, wato nasu katin rubuta kifi. Alaska lasisi na bin shekarar kalanda, in king kake so kuma sai ka ƙara sayen sitam ɗinsa daban, baƙo wanda ba mazaunin jihar ba yana da iyakar king da zai kama a shekara a kudu maso gabas kuma adadin yana canzawa. Kanada lasisin ruwan teku na tarayya ne daga DFO, hukumar kifi da teku ta ƙasar, daban yake da na ruwan daɗi da lardi ke bayarwa, kuma ba za ka riƙe ko salmon ɗaya ba sai da sitam na salmon a kai. Lasisin Amurka ba ya aiki a ruwan Kanada ko da taku ɗaya ka tsallaka, a wajen Neah Bay da San Juan kuwa iyakar a kusa take ƙwarai.

Yanzu ƙugiya. Ka san ɗan kunnen nan da ke bayan tsinin ƙugiya, irin kunnen kibiya, wanda ke hana ta fita in ta shiga? A Washington da Oregon da British Columbia da mafi yawan gaɓar Kalifoniya, kamun salmon a teku da shi laifi ne. Ko ka sayi marar kunne, ko ka ɗauki filaya ka matse shi har ya kwanta. Yadda za ka gwada, ka soka ƙugiyar a bakin rigarka ka zaro, in ta kama zare ko ɗaya to ba ta kwanta ba, sake matsewa. Kar ka ce ai na ɗan danna, jami'i ma irin wannan gwajin zai iya yi a gabanka. Kuma duk abin da ka saya a shago ka duba shi, yawancinsu da kunnensu suke zuwa, wasu ma da ƙugiya mai baki uku, wadda a ruwan gishirin Washington sai ka cire ka sa mai baki ɗaya. Kalifoniya ta ƙara da cewa in da ɗanyen kifi kake kamu kuma ba jan layi kake yi da jirgi ba, sai ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, don ita a gefen baki take kamawa ba ta wucewa ciki. Ni dai ban ga asara a marar kunne ba, in ka riƙe layi a miƙe ba ka bar shi ya saki ba kifi ba ya zarewa, kuma ranar da ta shige maka yatsa za ka gode wa wanda ya kafa dokar.

To ga inda aikin yake, gane kifi tun yana cikin ruwa. A kogi lokacin ƙwai kowane iri da kalarsa, amma a teku duk farare ne tas kamar azurfa, sabon shiga ba zai bambanta ba. Baki za ka fara dubawa. Chinook, shi ne king, dasashinsa na ƙasa inda haƙora suka tsiro baƙi ne ƙirin, kuma ɗige-ɗigen wutsiyarsa sama da ƙasa ne. Coho dasashinsa fari-fari ne ko da harshen ya yi duhu, ɗigon wutsiya kuma a rabin sama kawai, 'yan kaɗan. Pink ɓawonsa ƙanana ne sosai, wutsiya da manyan ɗigo masu tsawo kamar an ɗisa tawada. Chum da sockeye ba su da ɗigo. Wanda ya fi jefa mutane a tara shi ne ƙaramin Chinook da babban coho, girmansu ɗaya, kana murna ka samu coho ashe ɗan Chinook ne da bai kai awo ba. Kalifoniya kuma akasin haka, can coho ne haram tun shekarun 1990, ko wane iri ne sai ka sake shi. Ka buga hoton nau'ukan nan a takarda mai leda ka liƙa a jirgi, ba abin kunya ba ne.

Bayan iri sai ka duba baya. Tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya akwai wani ɗan guntun nama mai laushi, bai fi kan yatsa ba. Gidajen ƙyanƙyasa suna yanke shi tun kifin yana ɗan mitsitsi kafin su sake shi, to in ka ga wurin a shafe da tabon da ya warke, na gida ne, shi ake ce maka riƙe. In guntun na nan, doka ta ɗauke shi na daji ko da a zahiri daga gidan ƙyanƙyasa ya fito, a kakar da aka ce mai alama kaɗai sai ka saki. Kalmar tabon da ya warke ita ce maganar, don akwai masu wayon da ke sa wuƙa su yanke a cikin jirgi, sabon yanka kuwa ko yaro ya gani ya sani, kuma wannan ya wuce kuskure ya zama ganganci.

Sakin ma da dokarsa. A yanki na 5 zuwa 13 na Washington kifin da ba ka da izinin riƙewa ba a shigo da shi cikin jirgi sam, ko don hoto. Yadda ake yi, ka jawo shi gefen jirgi, ka bar shi a ruwa ya kwanta a gefensa, abokinka ya leƙa ya ce maka akwai guntu ko babu, in akwai ka sa filaya ko ƙarfen zare ƙugiya ka juya ta, ya tafi. Kar ka sa koma tukuna, raga tana goge masa ɓawo da santsin jiki, kar ka sa yatsa a cikin kunnuwansa inda yake numfashi. In ya haɗiye ƙugiya can ciki yanke layin kawai. Wani zai ce to ai na sake shi mene ne matsala, matsalar ita ce hukuma ta san wani kaso na kifin da aka saki mutuwa yake yi, kuma tana lissafa shi a cikin kota. A Puget Sound har adadin ƙananan da aka kama aka saki ana ƙirgawa, yana iya sa a rufe yanki ko ba a cika kason manya ba. Don haka in ka faɗa cikin garken ƙanana, kowane jefi sai ɗan ƙarami, naɗe layinka ka matsa gaba, kakar kowa kake ci.

Awo kuma ka yi hankali da shi don ba iri ɗaya ake aunawa ba. Chinook a Puget Sound inci 22 ne mafi ƙanƙanta, kudu maso gabashin Alaska inci 28, British Columbia santimita 45 a wasu wurare, 62 a mashigin Georgia. Washington daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya take aunawa, Kanada daga hanci zuwa tsakiyar inda wutsiya ta rabu biyu, to ka ga kifi ɗaya zai iya wucewa a nan ya faɗi a can. Ka zana awon a gefen jirgi ko ka sami allon awo, tef mai lanƙwasa yana bin ƙugun kifi ya ƙara masa tsawon ƙarya. Wanda ya tsaya daidai kan layi ni shawarata ka sake shi, kifi yana ɗan tsukewa a ƙanƙara, da safe ya kai 22 da yamma a bakin ruwa ya gaza, kuma na yamman za a auna.

Adadi na rana yawanci biyu ne a Washington da Oregon da Kalifoniya, amma sai ka karanta abin da ya biyo baya, biyu ɗin amma Chinook ɗaya kawai, ko a saki chum, ko a saki coho na daji, ko a shekarar pink a ƙara maka pink biyu a kai. British Columbia jimillar salmon huɗu ne a rana duk nau'uka a haɗe, kowane nau'i kuma da nasa iyakar a ciki, Chinook 10 a shekara, abin da za ka iya riƙewa a tafiya kuma ninkin na rana ɗaya ne wato na kwana biyu. Akwai wani bambanci da ke kama baƙi, a ruwan gishirin Washington in ku uku ne a jirgi kowa zai iya ci gaba da kamu har kason ku ukun ya cika, amma a Alaska kifi na wanda ya fara kama shi da ƙugiya ne, ba ka cika naka ka ce bari in taya ƙanina. Al'adar wani wuri laifi ce a wani.

Da zarar ka yanke shawarar riƙe kifi, kafin ka sake jefa layi, rubuta. A katin Washington lambar yanki, wata, rana, nau'i, da ko mai alama ne ko na daji, da biro ba fensir ba. A Kanada Chinook ake rubutawa nan take a kan lasisi ko a manhaja, Alaska ma duk kifin da ke da iyakar shekara haka. Na san yadda abin yake, hannu duk jini da santsi, jirgi na rawa, kifi na ci kowa na ihu a mayar da layi, sai ka ce bari in mun tsaya na rubuta. Jami'i in ya matso da jirginsa abin da zai fara cewa ke nan, a nuna masa lasisi da kati, ya buɗe kula ya ƙirga, kifi biyu kati babu komai, ba ruwansa da cewa ka yi niyya. Ka ɗaure biro da zare a jikin ledar katin, ka ajiye tsumma kusa.

Daren da za ka fita, da kuma asubar kanta, ka duba sanarwar gaggawa. Washington tana da manhajar Fish Washington da shafin canjin doka na WDFW, hukumar kifi da namun daji ta jihar, Alaska ita ma hukumarta ta kifi da namun daji, ADF&G, na fitar da umarnin gaggawa, Kanada kuma DFO na fitar da sanarwar kamun kifi yanki-yanki, ana iya yin rajista ta zo maka ta imel. Ka ɗauki hoton sanarwar a waya don a ruwa sabis yana ɗaukewa. Kar ka dogara da abin da wani ya rubuta a Facebook, ko bara haka aka yi. In jirgin haya ka shiga matuƙin ya fi ka sanin dokar ranar, amma lasisi da kati naka ne, tarar ma sunanka za ta ɗauka. Sannan ka duba yanayin bakin kogi, na Columbia musamman ya ci jirage ba adadi, masu gadin gaɓa suna hana ƙananan jirage tsallakawa in ruwa ya yi tsauri, kaka a buɗe amma hanya a rufe.

Da ka dawo tasha za ka tarar da mai ƙirga, sau da yawa matashi ne da allo da wata sanda a hannu. Ba ɗan sanda ba ne, amma ka ba shi haɗin kai ka gaya masa gaskiya, har da nawa ka saki, don da bayanan nan ake sanin ko kota ta cika. Sandar zai goga a hancin kifin, in ta yi ƙara akwai ɗan guntun waya a ciki mai tsawon kusan milimita ɗaya, da lambar gidan da aka ƙyanƙyashe shi da shekarar, sai ya nemi ya yanke hancin, ba nama a wurin ai, ka bar masa. A British Columbia kan kifi mai alama ake so ka sa wa lakabi ka ajiye a wuraren da aka tanada.

Kar ka fere kifi a kan ruwa. Cire hanji da zubar da jini ba laifi, ya ma fi kyau ka yi da wuri ka sa ƙanƙara, amma a Washington da Kalifoniya sai an sauka ƙasa ake yanka shi filla-filla, saboda dole a iya gane nau'i da tsawo da ko guntun nan na nan. Kanada ta fi tsanani, har ka isa gidanka dole fata da wutsiya su kasance a jiki ta yadda za a iya ƙirgawa a auna, kuma ba a zuba shi a gwangwani ko kwalba a masauki. Sayarwa kuwa babu ita ko'ina, kifin nishaɗi na ci ne da kyauta. Katin Washington kuma kar ka jefar in kaka ta wuce, ana mayar da shi kafin 30 ga Afrilu, ko da duk shekarar ba ka kama ko ɗaya ba.